Abin da Ba a Rubuta Ba, Ba a Yanke Ba: Zaman Majalisar Ƙaramar Hukuma da Rabon Talaka

Laccar da aka gabatar a garin Dodoru, Ƙaramar Hukumar Gwandu, Jihar Kebbi

  

Ranka ya daɗe uban ƙasa, hakimai da masu unguwanni, malamanmu, Allah ya gafarta muku, masu girma kansiloli, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, da baƙinmu da suka taso daga Kalgo:

An nemi in yi magana a kan aikin yau da kullum na ƙaramar hukuma da yadda take yanke shawara. Na san a wurin mutane da yawa babu zancen da ya kai wannan sa hamma. Idan shugaban ƙasa zai yi jawabi, kowa yana manne da rediyo. Idan gwamna zai zo, gari ya cika ya batse. Amma a ce kansiloli za su zauna ranar kaza a sakatariya su duba kasafin kuɗi, ko a teburin mai shayi ba za a yi zancen ba. Alhali a wannan zaman ne ake yanke ko za a gyara famfon unguwarku bana ko sai baɗi, ko za a rufa ajin da iska ta yaye, ko za a yashe magudanar kasuwa kafin ruwa ya sauka.

Maganata guda ce. Alƙawarin da aka yi muku a bakin rumfar zaɓe, ko a zaure, ko a wurin ɗaurin aure, ba shawarar hukuma ba ne. Hukuma tana yanke shawara ne a takarda: a cikin kasafin kuɗi, da littafin bayanan zama. Gundumar da ta san hanyar waɗannan takardu tana samun rabonta. Wadda ba ta sani ba, sai dai ta yi ta jiran alheri.

Daga ina muka taso?

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga rubutaccen tsarin mulki. A 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kula da daula gida biyu, ya danƙa yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Tun kafin wannan, Malam Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano littafin Liya'ul Hukkam, inda ya zayyana haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba, da naɗa mataimaka da alƙalai, da muhimmancin shawara. Shehu kuma a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ke ɗora wa talakawa kuɗaɗe barkatai da karɓar gaisuwa. Ke nan tambayar "da wace hujja aka karɓa, a kan me aka kashe?" gadonmu ce, ba wani ya kawo mana ita ba.

Bayan zuwan Turawa a 1903 aka kafa mulkin En'e. Daga baya aka buɗe baitulmali a masarautu. Dattawan da ke nan sun ga ƙarshen wannan zamani. En'e tana da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, da makarantun elamantare, da ɗakunan shan magani. Tana karɓar haraji da jangali, kuma a faɗi gaskiya, tana riƙe lissafi: an san yawan masu biyan haraji a kowane ƙauye, an san abin da aka ware wa kowane aiki. Aibinta shi ne talaka ba shi da baki. Yana biya, ba ya tambaya. Wannan ne ya sa a watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul, a cikin watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano da irin wannan kuka.

Gyaran da ya haifi ƙaramar hukumar da muka sani ya zo a 1976, zamanin Janar Obasanjo: tsari ɗaya ga ƙasa duka, ƙananan hukumomi 301, da kansiloli masu wakiltar jama'a. Aka yi ta ƙari har suka kai 774 a 1996. Jiharmu ta Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da 21, da gundumomi 225. Dodoru ɗaya ce daga gundumomi goma na Gwandu, tare da irin su Dalijan, Kambaza, Malisa, Maruda da Gulmare. Ƙidayar 2006 ta ce mutanen Gwandu sun haura dubu 150, na Kalgo kusan dubu 85. Ku auna yawan da muka kai yau, sannan ku tuna mutum goma ne ke magana da yawunmu a majalisa.

Mene ne aikin ƙaramar hukuma?

Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun majalisu. Jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu. Ku saurara, domin a nan ake yawan kuskuren ƙofa.

Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da makewayin jama'a aikinta ne. Hanyoyin cikin gari, magudanun ruwa da fitilun titi aikinta ne. Kwashe shara, kula da maƙabartu, sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, duk nata ne. Haka lasisin keke, amalanke, baro da kwalekwale, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan akwai manyan abubuwa uku da take haɗa hannu da jiha a kansu: ilimin firamare da yaƙi da jahilci, noma, da lafiya a matakin farko.

Babu abin da za a yi wa bikin yanke zare a wannan jerin. Amma ku duba rayuwar mutumin Dodoru daga asuba zuwa dare. Ruwan da matarsa ta ɗebo, ajin da ɗansa ya zauna, hanyar da amalankensa ya bi da buhunan gero da albasa, rumfar da ya kasa kaya, asibitin da aka kai mai naƙuda, har kushewar da za a sa shi, duk suna cikin wannan jeri. Sanata bai san magudanar da ta toshe a bayan masallacinku ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Yadda ake yanke shawara

Ƙaramar hukuma tana da ɓangare biyu. Akwai ɓangaren zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da masu kula da sassa. A ƙarƙashinsu akwai ma'aikatan dindindin: daraktan mulki, ma'aji, shugabannin sassan ayyuka, noma, lafiya da walwalar jama'a. Ciyaman yana zuwa ya tafi, su suna nan, kuma fayil a hannunsu yake. Sai ɓangaren majalisa: kansila ɗaya daga kowace gunduma, su zaɓi shugaba a cikinsu, da akawu mai rubuta abin da aka tattauna. Aikin majalisa uku ne: yin ƙananan dokoki, amincewa da kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe.

Mu ɗauki famfon burtsatse da ya lalace. Mai unguwa ya tare kansila a hanya ya faɗa masa, kansila ya ce "an gama." Ba a gama komai ba. Kafin a ce an gama, sai koke ya zama takarda mai kwanan wata. Sai kansila ya gabatar da ƙudiri a zaman da adadin mahalarta ya cika, wani ya goya masa baya, akawu ya rubuta. Sai sashen ayyuka ya je ya duba ya ƙiyasta kuɗin. Sai a ga ko akwai gurbinsa a kasafin bana. In akwai, kwamitin kuɗi ya amince, a ba da aikin, ma'aji ya biya da takardar biya, a je a tabbatar an yi. In babu, sai a jira kasafin baɗi, ko a nemi ƙarin kasafi.

Shi ya sa lokaci yake da muhimmanci. Shekarar kuɗin gwamnati tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba, kuma ana haɗa kasafin sabuwar shekara ne a watannin ƙarshe na mai ƙarewa, daidai lokacin da muke cikin hidimar girbi. Gundumar da ta kawo kukanta a watan Maris ta makara: an riga an raba. Da yawa daga abin da muke kira "an hana mu" asalinsa "ba mu nema a kan kari ba, kuma ba mu nema a rubuce ba." Ban ce babu son kai da fifita wani gari a kan wani ba. Akwai. Amma mai son kai ya fi jin daɗin mutanen da ba su da takardar da za su nuna masa.

Kuɗin daga ina, zuwa ina?

Kowane wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi, wato VAT, ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Sai abin da hukumar ke tarawa da kanta: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin kara, lasisi.

Ina so matasa su riƙe wani abu. A zamanin haraji mutum yana ƙirga kuɗi da hannunsa ya miƙa, yana jin zafin fitarsu. Tun da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, kuma kuɗin man fetur ya zama ginshiƙi, sai muka fara kallon kuɗin hukuma kamar tsintuwa, muna cewa "kuɗin gwamnati ne." To, duk wanda ya sa katin waya ya biya VAT na kashi 7.5. Duk wadda ta kasa kaya a kasuwa aka yanka mata tikiti ta biya. Harajin bai tafi ba, ɓuya ya yi. Kuɗin naku ne.

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ke fara sauka. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da ayyukan haɗin gwiwa. Shekara da shekaru ana kuka a faɗin Najeriya cewa abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba, kuma gwamnoni suna rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi a tsarin mulki. Nan Kebbi aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarshen Agustan 2024. Sai dai shekara ta zagayo bayan hukuncin ana ta ja-in-ja a kan buɗe asusu a Babban Banki da yadda za a aiwatar.

Hukuncin abin farin ciki ne, amma kada mu ruɗi kanmu. A ce gobe kuɗin ya sauka kai tsaye a asusun Gwandu da na Kalgo. Me ya canja a wurin mutumin Dodoru ko na Kalgo? Hannun da ke riƙe da kuɗin ne ya canja. In idon jama'a bai bi shi ba, ɓarnar da ake zargin ana yi daga nesa za ta dawo kusa ne kawai. Tulun da ke yoyo, ko daga gulbi aka cika shi ko daga rijiya, ba ya kai ruwa gida. 'Yancin ƙaramar hukuma daga jiha rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ta zama mai amsa tambayar mutanenta.

Darasin sanƙarau

Ba sai na tuna muku abin da ya same mu a farkon 2025 ba. A watan Maris gwamnatin jiha ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zaton sanƙarau ne ya yi ajalinsu, a Gwandu, Jega, Aliero da Argungu, kuma mafi yawansu 'yan Gwandu ne. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ajali na Allah ne, amma sanƙarau ba ya zuwa a ɓoye. Ƙasarmu tana cikin yankin da aka san cutar na tashi da rani, lokacin ƙura da zafi. Ƙaramar hukuma ba ta ƙera allurar rigakafi. Wannan aikin tarayya ne da jiha da abokan hulɗarsu. Amma akwai jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, kuma yana bukatar babur da mai domin ya kai ƙauyen da aka ce yaro ya sanƙare. Firjin ajiye rigakafi yana bukatar wuta. Mai shela da limamai suna bukatar a kai musu saƙo tun kafin bazara. Ɗakin shan magani yana bukatar ma'aikacin da ke kwana a garin. Kowane ɗaya daga waɗannan layi ne guda a kasafin kuɗi, wanda ake iya sawa ko a tsallake a wani zama na watan Nuwamba da babu wanda ya halarta. Ba na ɗora wa kowa laifin abin da ya wuce. Ina nuna muku ne cewa zaman da muke rainawa yana iya zama tsakanin a ji labarin cuta a kwana biyu ko a ji a mako uku. Haka zancen yake ga ambaliya irin ta 2020 da ta cinye shinkafar fadamunmu, da rikicin burtali da ke tashi duk kaka.

Kansila da mu

Masu girma kansiloli, ku yi mini haƙuri, zan kare ku kafin in tuhume ku. Mu jama'a mun mai da kansila asusun unguwa. Ragon suna, kuɗin magani, gudummawar biki, man babur, tun da asuba ƙofarsa cike. Wanda ya ba da, shi ne na kirki. Wanda ya ce babu, an gama da shi. Albashinsa ba ya ɗaukar wannan, sai ya koma yana kallon hannun ciyaman. To, mutumin da ke kallon hannun ciyaman da yamma, da wane baki zai tambaye shi lissafi da safe? Da hannunmu muke kashe majalisar da ya kamata ta tsare mana dukiya.

Tuhumar kuma ita ce: kansilan da bai karanta kasafin da ya sa wa hannu ba ya ci amanar gundumarsa, ko da bai taɓa kwabo ba. Haka wanda ya yarda aka kawo masa takardar halarta gida ya sa hannu a kan zaman da ba a yi ba. Kasancewar ciyaman da kansiloli 'yan jam'iyya ɗaya ba ya sauke wannan nauyi. Ya ma ƙara shi, tunda babu ɗan adawar da zai yi tambayar.

Abin da za mu iya yi

Wani zai ce talaka ba ya ja da hukuma. Ku ji abin da ya faru a Yuganda. Tsakanin 1991 da 1995 bincike ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwar da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu, ta sa makarantu su liƙa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A birnin Porto Alegre na Brazil kuma, tun 1989 mutanen unguwanni suka fara zama su jera ayyukan da suka fi so a sa a kasafi. Ba makami aka ɗauka ba. Takarda aka fito da ita fili.

Ga abu biyar da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na ɗaya, kowace shekara kafin a shiga girbi, gunduma ta zauna ƙarƙashin iyayen ƙasa ta fitar da bukatu uku kacal, a jere bisa muhimmanci. Wanda ya nemi abu talatin ya ba hukuma damar ta zaɓi wanda ta ga dama. A ji ta bakin mata, domin su suka san famfon da ya ƙafe da asibitin da ba ungozoma. A ji ta bakin makiyaya da ƙananan ƙauyuka.

Na biyu, a rubuta, a sa hannu, a kai wa kansila da akawun majalisa, a karɓi kwafi mai hatimi. Uban ƙasa ya ajiye ɗaya.

Na uku, a nemi a riƙa sanar da ranakun zaman majalisa, kuma mutum biyu ko uku daga gunduma su je su saurara cikin ladabi.

Na huɗu, a roƙi hukuma ta liƙa a allon sakatariya, cikin Hausa, da boko da ajami, abin da ya shigo kowane wata da ayyukan da aka ba da: ina, nawa, wa aka ba. Ofishin Akanta Janar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna fitar da alƙaluman rabon wata-wata, kuma ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya a Kalgo da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero suna iya samo su a waya su karanta wa iyayensu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma, a amsa masa cikin kwana bakwai.

Na biyar, a raya kwamitocin da muke da su: kwamitin ci gaban gunduma mai kula da asibiti, da kwamitin kula da makaranta. Duk wata uku kansila ya zo gabansu ya faɗi ƙudirin da ya gabatar da inda aka kwana.

Ga shugabannin hukuma kuma, wannan kariya ce gare ku. Ciyaman ɗin da ya liƙa lissafi a bango ya huta da zargin abin da bai ci ba, kuma in kuɗin bai iso ba jama'a za su san ba a hannunsa ya maƙale ba. Tambaya ba rashin kunya ba ce, amsa ta kuma ba faɗuwar girma ba ce.

Ina roƙon ranka ya daɗe da dattawa, kafin a watse a tsai da ranar zaman farko na fitar da bukatun gundumar nan, a kuma zaɓi wanda zai riƙe alƙalami.

Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya ba su ikon riƙe amana, ya ba mu lafiya da zama lafiya da damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.